Allo Na Bakwai

Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba. Ɗinki ta iya, da shi ta riƙe 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, har idonta ya fara gardama da kafar allura. Kowa a ƙauyen, Gwaggo yake ce mata, har jikokinta. Da ma'aikatan wata ƙungiya suka zo da kwamfutocin hannu goma sha biyu, ɗakinta suka zaɓa, don shi kaɗai ke da rufin kwano da ƙofa mai kwaɗo. Makaranta mafi kusa tafiyar rabin yini ce, da damina kuma rafi ya tare hanya. Suka kafa farantin sola a kan rufin, suka nuna mata kunnawa da kashewa da sa caji, suka ja mata kunne cewa kowane yaro ya tsaya a kan tasa, suka tafi.

Yara suka raɗa wa na'urorin suna allo. Kowane da lambarsa a baya. Da hantsi Gwaggo takan tura keken ɗinki jikin bango, ta shimfiɗa tabarmi biyu, ta rarraba. Muryar wata mace ce ke koyarwa daga ciki. Ta yi tambaya, yaro ya taɓa amsa a gilashin. In ya dace sai a ji tafi, in ya kuskure sai wata ƙara mai kama da kukan agwagwa. Da kunne Gwaggo ke gane mai ƙoƙari da mai wasa. Mata suka fara tsokanarta da Malama, tana cewa su daina, amma dai ta koma ɗaura ɗankwalinta na fita kullum safiya.

Allo na bakwai na Auta ne, 'yar babban ɗanta, wadda ta ɗauko tana shekara uku da uwar ta rasu. Watannin farko tafi kawai ake ji daga kusurwarta. Wata rana Gwaggo na shara, allon ya zame daga kan keke ya faɗi ƙasa. Ta duba ba ta ga tsaga ba, ta goge shi da bakin zani ta mayar, ba ta faɗa wa kowa ba.

Daga nan agwagwa ta tare a wurin Auta. Yarinyar ta yi ta rantsuwa cewa daidai take taɓawa. Gwaggo ta ce na'ura ba ta san son kai ba, balle ƙarya. Auta ta roƙi a canja mata allo ko na yini ɗaya, ta hana, don an ce mata kowane yaro ya tsaya a kan nasa. Abin ya yi wa Gwaggo ciwo, a ce a ɗakinta, jininta ne na baya. Ta yi faɗa, ta hana ta wasa, sau biyu ta kai mata hannu a gaban yara. Su kuma suka koma kiranta Agwagwa har a bakin rijiya. Auta ta daina musu. Takan zauna ta dangwala duk inda yatsa ya faɗa har a tashi.

Da ƙanwar baban Auta da ke birni ta aiko tana neman mai taya ta reno, Gwaggo ta ce a kai mata Auta, tunda kanta ba ya ja. A gaban yarinyar ta faɗa.

Sai bayan wata goma sha ɗaya mai gyara daga ƙungiyar ya zo a kan babur. Ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na bakwai ya taɓa sama, alamar ta fito ƙasa. Ya sake, haka.

"Gwaggo, wannan ya taɓa faɗuwa?"

Ta ce sau ɗaya. Ya ce gilashin ne ya goce, duk wanda ya riƙe shi sai ya kuskure amsa, ko shi kansa. Ya buɗe bayanan ciki ya ƙara da cewa kafin lalacewar, mai wannan allon ta yi wa sauran nisa. Gwaggo ta nemi kujerar keke ta zauna.

A makon ta shiga mota zuwa birni. Ta tarar da Auta a bayan gida tana wanke kayan jariri. Ta tsuguna kusa da bahon, duk da ciwon gwiwarta, ta ba ta labarin tun daga ranar sharar.

"Ai na gaya miki, Gwaggo," in ji Auta. Ba fushi a muryarta, hannunta ma bai bar wankin ba.

Gwaggo ta ce ta zo ne su koma tare. Auta ta ce ta saba da nan, jaririn ba ya yarda da kowa sai ita, kuma an yi alkawarin sa ta makaranta baɗi.

Shekara huɗu ke nan, ba a sa ta ba. Ƙungiyar ta daina zuwa, alluna biyar suka rage masu aiki, yara uku uku suke haɗa kai a kan ɗaya. Gwaggo na nan tana buɗe ƙofa da hantsi. Auta takan zo sau ɗaya a shekara ta yi kwana uku. Tana gaishe ta da ladabi, ta share mata ɗaki, ta zura mata zare a allura. In ta ji muryar yara sun doso, sai ta ɗauki bokiti ta nufi rijiya.