Salwata Ta Daina Ƙwai

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka bar Gagarawa Tasha, ni da gwaggon maigidana, 'yata a goye, da ɗan kwando a hannuna na rufe shi da tsohon kallabi. Abin da ke cikin kwandon shi ya fitar da ni daga gida. Salwa ce guda ɗaya, tsuntsuwar da ba ta kai tattabara ba. Tun kafin wannan fari wani falke ya sauko da irinta daga jirgin ƙasa na Kano, maigida ya saya mini goma, yanzu saura shida, mata biyar da namiji. Tun da na yaye 'yata ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, ƙwan kaza kuwa tana ci take amayarwa. Ɗan ƙwan nan mai ɗige-ɗige kaɗai cikinta ke riƙewa. To yau fiye da wata guda ko ɗaya ba su yi ba, awarwaron yarinyar kuma har ya fara zamewa daga hannunta. Aka ce a can arewa akwai matan da suka san ganyen da ake ba tsuntsu ya dawo da ƙwai.

Motar katako muka samu zuwa Gumel. Direban ya leƙa kwandon ya ce, "Gwaggo, wannan fasinjar fa, a gaba za ta zauna ko a baya?" Gwaggo ta ce, "A kanka za ta zauna, tun da ba gashi." Dariyar da muka yi ke nan a duk tafiyar. Hanyar yashi ce, sau uku maza suna sauka su tura. Gonaki dama da hagu ba ko karan da aka bari, an tuge an ba dabbobi. Na ga gawo da aduwa an sassare musu rassa, sun tsaya kamar an yi musu aski da ƙarfi. Na yi ta salati a zuci.

A kasuwar Gumel na tarar kwanon gero ya kai abin da a da muke sayen uku da shi, mutane kuma har yanzu suna rikicewa tsakanin sule da sabon kobo. Mai maganin da aka nuna mana ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya. Ya ba ni gautan kaji da ɓawon maɗaci, ya ce in jiƙa musu a ruwan sha. Na ce Malam, ba ciwo suke yi ba, ƙwai suka daina. Ya ce shi dai abin da yake ba kaza ke nan, ita ma ai fukafuki gare ta. Na karɓa don kunya. Muka ci ɗanwake, na lallaɓa yarinyar da loma guda, ta kau da kai.

Laraba muka nufi Sule Tankarkar, gidan wata 'yar'uwar Gwaggo da ta yi suna da kiwon zabi. Akurkinta a wofi muka same shi, ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya ta sayi hatsi. Duk da haka ta dama mana fura da ruwa zalla, tana ta ba da haƙuri wai nono ya yi ƙaura. Ta ce abin da ta sani shi ne ganyen zogale, a shanya a inuwa, a daka a cikin dusa, a haɗa da gara. Ta kai ni bayan ɗaki in tsinka. Zogalen ya zama sanda, mutanen gida sun cinye ganyen a kwaɗo. Da ƙyar muka tattara abin da ya cika tafin hannu biyu daga can ƙololuwa, ni kuwa kunya ta rufe ni, ina ɗebe abincin mutane zan kai wa tsuntsu. Ta lura, ta ce, "Ɗauki, 'yar nan, ai bakin yarinyar zai koma." Ita ce ta ce lalle mu je Maigatari gobe ranar kasuwa, akwai wata tsohuwa daga wajen Damagaram, ba tsuntsun da ba ta sani ba.

Maigatari ban taɓa ganin irinta ba. Shanu ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, masu su na roƙon a saya ko don fatar. Buzaye da iyalansu zaune a inuwar manyan motocin da mutanen can ke kira kamyo, ba sa saye, ba sa sayarwa. Wata mata ta bi 'yata da kallo, ta dubi bayanta da ba goyo, ta sunkuyar da kai. Ban tambaye ta ba.

Tsohuwar muka samu a ƙarshen layin masu kaji. Na gaishe ta, na kwance ƙullin magungunana na nuna mata. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ciro salwar, ta birkice ta, ta ɗora yatsa a ƙugunta, ta duba ƙafafun.

"Damina nawa ta yi a hannunki?"

Na ce biyu, ga ta uku muna jira.

"Ina 'ya'yanta?"

Na ce, "Iya, ba ta taɓa kwanci ba. Ina ta jira."

Ta riƙe haɓa. "Wayyo 'yar nan! Wannan ai ba ta kwanci a akurki, ko za ta shekara goma, kuma ba ta shekara goma. Kamar na zabo ake yi, a ɗebi ƙwan a sa wa kaza. Duk garinku ba wadda ta gaya miki?"

Gwaggo ta ce, "Wa zai gaya wa 'yar boko? Mun ɗauka a littafi ta gani."

Tsohuwar ta ce zogale da gara suna taimakon budurwar tsuntsuwa, amma wannan ta tsufa, ƙugun ya kusa rufewa. In an ci sa'a wata a cikinsu ta yi ɗaya ko biyu na ban kwana. Ta ce in ya zo kada in kuskura in taɓa, in kai wa kaza.

Na zauna a kan yashi. Lokacin da suke yi kullum har kwano nake cikawa, in dafa wa 'yata, in aika wa maƙwabta masu yara. Tun ina ƙarama nake ganin ana sa wa kaza ƙwan zabo a gidanmu. Ko sau ɗaya ban kawo wannan a raina ba, ina zaune ina jiran salwa ta yi halin kaza.

Juma'a muka dawo ta Gumel. Na daka zogalen a dusa, maigida ya sa aka kifa tukunya da karmami a kan shuri aka samo gara. Kwana tara ina leƙa akurki safe da yamma. A rana ta goma na ga ƙwai ɗaya a kusurwa, da ɗuminsa. Kazar maƙwabciyata tana kwanci, Gwaggo har ta yafa mayafi za ta kai. 'Yata tana kwance a tabarma, ta hango shi a hannuna, ta ɗago hannu. Kwana uku ke nan ba ta miƙa hannu ga komai ba.

Gwaggo ta ce, "Ki yi tunanin gaba."

Na ce, "Gwaggo, ɗora mini ruwa."

Na dafa, 'yata ta cinye shi tas, ta lashe yatsa, ta dube ni tana jiran na biyu.

Abin da na koyo a wannan tafiya kaɗan ne, kuma a makare na koye shi. Na zaga garuruwa uku ina neman ganye, alhali abin da ya kamata in yi yana tsakar gidana, lokacinsa ya riga ya wuce. Har yau ina daka musu sauran zogalen, ina leƙawa, ba a sake samun ko ɗaya ba. Duk wanda ya karanta wannan ya sa 'yata a addu'a. Allah Ya ba mu damina, Ya buɗe mata baki ta karɓi kunu.