Taɓaryar Gidanmu na Gozaki

Gidanmu na Gozaki ya girmi duk wanda na sani. Idan ka jingina da katangarsa da yamma, sai ka ji wani tsohon sanyi yana ratsa bayanka. Kakarmu, wadda muke kira Iya, takan faɗa mana waɗanda suka zauna cikinsa tun ganuwa na tsaye: wani marini da har yau shuninsa bai bar dutsen bakin rijiya ba, sai wani falke mai safarar auduga, sannan kakanninmu. Bayan girbi, da an yi magariba, takan hura wuta da karan dawa a tsakar gida, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Kowace safiya sai Iya ta buga taɓarya cikin turmi, ko da babu abin dakawa. Daren da na tambaye ta a bakin wutar, sai ta yafito ni.

"Matso nan, sarkin tambaya. Amma wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta."

Ta ce kakarta Hanne tana ƙaramar yarinya mahara suka faɗo wa garin. A ƙarƙashin ɗakin da muke kwana akwai ramin da falken nan ya haƙa don ɓoye hatsi, kuma ba wanda ya san da shi sai iyayen Hanne. Uwar ta zura ta ciki da goran ruwa, ta ce, "Ko muryata kika ji, kada ki amsa. Sukan ɗora wa uwa wuƙa a wuya ta kira 'ya'yanta. Sai kin ji daka a gidan nan sannan ki fito. Ba a daka sai gari ya kwanta." Ta mayar da marfin, ta ja tabarma a kai.

Aka kashe uban a ƙofar gari, aka tafi da uwar.

Da dangi suka dawo daga daji, suka yi ta neman yarinyar. "Hanne! Hanne!" Iya ta kwaikwayi kiran da wata siririyar murya da ta sa tsikar jikina ta tashi. Hanne tana jin kukan goggonta, tana jin takun ƙafa daidai kanta, amma ta cusa bakin zanenta cikin baki don kada ta amsa.

"To, ba sai su yi daka ba, Iya?" in ji yayata Rabi.

"Ke ma dai! Wa ke daka a gidan makoki? Maƙwabta ke kawo tuwo. Turmi a kife yake."

Ruwan goran ya ƙare. Ƙwari suna bin ƙafafunta cikin duhu, tana lasar bangon ramin don ɗan danshinsa. Na waiwaya na dubi ƙofar ɗakinmu, baƙi ƙirin, na ƙanƙame gwiwar Iya.

Sai ranar sadakar uku goggon ta jiƙa gero don yin gumba, ta uban da ta Hanne, tunda an fid da rai. Taɓarya ta sauka. Matan da ke zaune a ɗakin suka ga tabarma tana motsi ita kaɗai, sai ga 'yan yatsu furu-furu sun leƙo daga ƙasa. Suka watse suna salati, wata har da barin mayafinta. Goggon ce kaɗai ta shiga, ta kama hannun ta ja.

"Gumbar sadakarta aka dama mata ta fara sha," in ji Iya. "Har ta tsufa ba ta yarda gari ya waye a gidan nan ba a ji taɓarya ba."

Na yi watanni ina taka ɗakin nan da kan yatsu. In na kwanta, sai na kara kunnena a daɓe, ina tsoron in ji numfashi.

Da na girma na gane cewa wanda tsoro ya ɓoye ba ya fitowa don an kira sunansa, sai ya ji gida ya koma yadda ya san shi. Da Iya ta rasu na dawo daga makaranta a Funtua, na tarar da kwanukan maƙwabta jere a zaure, turmi a kife, gidan tsit. Shirun ya fi mutuwar ba ni tsoro. Da gari ya waye na tayar da turmin, na buga taɓarya a cikinsa, ba ko ƙwayar gero. Wata baƙuwa ta ce, "Subhanallahi, a gidan makoki?"

Innata ta leƙo daga ɗakin nan, idanunta jajir.

"Ƙyale ta," in ji ta. "Ƙara bugawa, Bilki."