Ribaɗin Tandabawi

A garinmu Wurno, idan aka ce ribaɗi kowa ya san abin da ake nufi: gari mai ganuwa a bakin daga, inda aka zaunar da mayaƙa don tsaron iyaka. Kakana ba ya gajiya da wannan kalma. Da ita na tashi, da ita na sauka Makka karatu, kuma ko a mafarki ban zaci tana da wata ma'ana a wani wuri ba.

A shekarata ta farko, ina tsaka da kokawa da Larabcin mutanen Hijaz, wanda bai haɗa hanya da na littafi ba, na gamu da wani dattijo a Harami bayan sallar la'asar. Dogo ne, baƙi wuluk, gemunsa fari fat. Ya yunƙura zai tashi gwiwa ta ƙi, na miƙa masa hannu. Ya yi mini godiya da wani Turanci mai fita ta hanci, na amsa da nawa na sakandare. Ashe Ba'amurke ne, tsohon soja, ya musulunta da girmansa, ya zo umara. Daga ranar muka riƙa haɗuwa a gindin ginshiƙi ɗaya.

Da ya yi ritaya, sai ya ɗauki aikin sa kai na zagayawa da baƙi a wani tsohon sansanin yaƙi a Florida. Labarin sansanin nan ya ba ni, ni kuwa na saki baki. Ya ce tun kafin Amurka ta zama ƙasa, bayi baƙaƙe sukan gudu daga gonakin shinkafar Turawan Ingila, su keta fadama da daji zuwa yankin da ke hannun Sifaniyawa. Can aka ba su 'yanci da bindiga, suka tayar da ganuwar ƙasa, suka haƙa gwalalo, suka shuka ƙaya a kan ginin. Shugabansu ma daga yammacin Afirka aka kamo shi. Rundunar Ingila ta taɓa karɓe wurin, amma baƙaƙen nan da abokan yaƙinsu suka dawo kafin gari ya waye suka ƙwace abinsu. Ina ji tsigar jikina tana tashi. Ni da na ɗauka bawan Amurka bai san komai ba sai auduga da bulala!

Na tambaye shi tsawon ganuwar. Ya ce babu ita. Da aka miƙa yankin ga Ingila, an kwashe mutanen a jirgin ruwa zuwa Kuba, ruwa da laka suka cinye wurin. Kullum sai dai ya nuna wa baƙi ciyawa ya ce a nan ne. Ya ce abin da yake roƙon Allah kafin ya mutu, ya ɗora tafinsa a bangon sansanin da baƙar fata suka riƙe, bangon da ke tsaye da ƙafarsa.

A daidai kwanakin ne na shiga motar wani direba, jikan Hausawa haifaffen Makka, wanda Hausarsa rabi Larabci ce. Muna wucewa ta unguwar Tandabawi ya nuna wani lungu da haɓa ya ce, "Hina akwai rubaɗi na Hausawa, gadim marra, tun kakanni." Ban tambaye shi komai ba, don me zan tambaya? Ni ɗan Wurno za a koya wa ribaɗi? Washegari na tari dattijon da albishir, na ce addu'arsa ta karɓu, ga ribaɗin mutanenmu nan kusa da Harami. Har da ƙarin gishiri na yi, na ce ina jin akwai ƙofofin harbi.

Muka tafi da hantsi, ana jibi zai koma gida. Ya sa farar riga mai guga, yana dogara sanda, muna hawan lungu yana tsayawa yana haki. Gefe da gefe an rushe gidaje, motocin rusau suna ta ruri. Ina ta ɗaga kai ina neman ganuwa. Abin da muka tarar wani tsohon gida ne mai bene, fentinsa ya ɓare, da ƙaramar ƙofar ƙarfe, an shanya zannuwa a taga.

Muka yi sallama, wata tsohuwa ta leƙo. 'Yar ƙarama ce, ta ranƙwafa, ido ɗaya ya yi fari, amma muryarta ta fi ƙarfin jikinta.

"Ahlan, ya waladi. Wa kuke nema?"

"Inna, ribaɗin Hausawa muka nema."

"Ka iso. Tafaddalu."

Tsakar gidan tsofaffin mata ne zalla, wata tana tsince shinkafa, wata tana jan carbi, wata tana barci a kan tabarma. A nan na gane cewa a Makka ribaɗi gidan wakafi ne, inda ake zaunar da tsofaffin da ba su da kowa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina sansanin?" Haka na daure na yi masa bayani, ina magana ina kallon takalmina. Fuskarsa ta faɗi, ya nemi wuri ya zauna a kan dakali.

Tsohuwar, wadda ita ce babbar gidan, ta matsa sai na gaya mata abin da ya kawo mu. Da na faɗa, ta kwashe da dariya har tana tari, ta juya ta sanar da sauran. "Kun ji Basakkwace, wai mayaƙa ya zo gani! To ga mu, sai ka zaɓi mai hawa doki." Aka yi ta yi mini tsiya, aka kawo gahawa da dabino. Sannan ta ce in ba ta labarin baƙon, na ba ta duka, har zuwa jirgin da ya kwashe mutanen. Dariyar ta ɗauke.

"Miskinai," in ji ta. "Babu wanda ya saura?"

Na tambaye shi, ya girgiza kai. Shi kuma ya ce in tambaye ta yadda aka yi ta zo nan.

Ta ce tana 'yar yarinya suka baro ƙasar Kano a ƙafa. Sun yi noma a hanya, sun yi wankau, sun binne mahaifiyarta a Sudan, sun ƙetare teku a jirgin katako. Ta yi aure a Makka, ta binne miji, ta binne 'ya'ya, sannan ta shigo gidan nan. Ta ce kowace katifa da muke gani ta taɓa zama ta wata, in mai ita ta tafi sai wata ta gaje ta. Yanzu an ce rusau zai iso kansu, an yi musu tayin wani gida mai kyau a bayan gari, har da na'urar sanyaya ɗaki.

"Amma daga can ba a jin kiran sallar Harami. Na ce musu shukran. Ban tako daga Kano don in ƙare a inda ba na jin sa ba. Ni ta ƙofar nan a makara zan fita, halas, magana ta ƙare."

Na fassara masa kalma da kalma. Na karanta yaƙe-yaƙe, na ji na kakana, amma ban taɓa zama gaban mutumin da ya kafa ƙafa irin haka ba, kuma duk nauyinta bai kai buhun gero ba. Dattijon ya miƙe ba tare da ya nemi hannuna ba. Ya je ya ɗora tafinsa a jikin bangon nan mai ɓararren fenti, ya daɗe bai ɗauke ba, hawaye suna bin gemunsa.

"Ka ce masa ya bi a hankali," in ji ta, "ginin ya tsufa."

Ya juyo ya ƙame, ya sara mata irin ta soja. Ta rufe baki da gyale tana dariya. Tun daga ranar bai ƙara kiranta da wani suna ba sai kwamanda.

Mun ci gaba da gaisawa ta waya bayan ya koma. Ni kuma nakan leƙa gidan da ɗan abin da ya samu, kuma ba a fasa kirana mai neman mayaƙa ba. Bayan 'yan shekaru rusau ya iso lungun. Ranar da ya kira na rasa ta inda zan fara.

"Bangon yana nan?" ya tambaya.

Na ce an rushe, wurin ya zama fili.

"Kwamanda fa?"

Na ce ta riga su. Ta rasu a ɗakinta tun kafin a taɓa ginin, ta ƙofar nan aka fito da ita, aka yi mata salla a Harami.

Na ji ya ja dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe ba a ci garin ba."