Dillalin da ba ya yarda da rufi sai ana ruwa

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sanusi, dillalin shaguna da rumbunan kaya a bakin iyakar Jibiya. Har yau in hadari ya haɗo daga gabas, gabana faɗuwa yake yi.

Sana'arsa ta ƙafa ce. Shi ke haɗa mai gini da mai saye, ya raka su banki. Yau Maraɗi, gobe Katsina, jibi Kano. Abin da ya raba shi da sauran dillalai shi ne, ba ya sa baki a cinikin gini sai ya tsaya a cikinsa ana ruwa. Jama'a na gudu gida, shi yana neman mota. Mukan yi masa tsiya, mu ce kwaɗo ne aka ɗinka wa riga. Sai ya ce, “Da rani kowane rufi mai gaskiya na. Damana ita ka tona asiri.”

Ranar wata Laraba da hantsi, ana ruwa, ya fita duba wani rumbu a Magama, nan kusa, motar da ya shiga ta zame a kwalta, nan ya cika. Mutumin da ya sha hanyar Kano bai ko yi nisa da gida ba.

Yanzu dillalai ta waya suke tura hoton gini, a gama ciniki ba wanda ya jiƙe. Na san abin da Yaya zai ce: gani ya kori ji, amma hoto ba gani ba ne.

Bana ɗansa Nura ya samu aiki a wani kamfanin dillancin gine-ginen kasuwanci a Abuja, da sharaɗin rabin kowane wata yana kan hanya. Mahaifiyarsa ta zo ta same ni da kuka. “Baffansu, ka hana shi. Hanya ta ci mini ɗaya.”

Na kira shi zaure, na shirya magana. Sai aka kece da ruwa. Nura ya ɗaga kai, ya bi rufin da ido daga kusurwa zuwa kusurwa kamar yadda ubansa ke yi, ya ce, “Baffa, kwanon ga na yoyo ta can.”

Na fasa maganar da na shirya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaya bai bar masa gida ko gona ba, idon nan ya bar masa. Na ce Allah ya tsare hanya.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Kwana tara ke nan ina zagaye ƙofar gidan da mahaifiyar Nura take, na kasa shiga in gaya mata ban hana shi ba.