Kwanson da Umma ta tsinta a aljihuna

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran butocin gahawa da farantan tagulla a wani ɗan shago a Balad, tsohuwar unguwar kasuwa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, muka matsa masa ya rufe shagon, na dawo da shi da Umma gidana a unguwar Safa, hawa na uku na bene. Mu a ganinmu gata muka yi masa. Shi kuwa sai ya zama kamar an zare masa laka, daga kujera sai masallaci. Mutumin da ko liman ba ya raga wa a gardama ya koma "to" da "Allah ya yi albarka". Abin ya tsorata ni ƙwarai, don na ga yadda zaman kawai ke cinye tsofaffi.

A lokacin ina aiki a wani kulob na wasan harbi a bayan gari. Ni ke tattara kwanson harsashi bayan an gama harbi, in wanke, in ware, sannan kocinmu ya sake ɗura musu albarushi a ɗakin da aka keɓe masa. Ƙananan harsasai ne na harbin allo, kwansonsu bai kai ɗan yatsa ba. Damuwar koci ɗaya ce: bayan ɗuri biyar ko shida sai bakin kwanson ya tsage, mu zubar, shi kuma ya wuni yana mita.

Wata Juma'a Umma ta zo wanki ta tsinci kwanso ɗaya a aljihuna. Ta ɗago shi da yatsa biyu kamar ta kamo kunama.

"Yaƙi za ka kawo mini gida? Haram alaik, ka ji tsoron Allah!"

"Umma, fanko ne, ba komai a ciki."

"Miƙo nan," in ji Baba daga kujerarsa.

Ya juya shi, ya bi bakinsa da farce, ya sake shi a ƙasa ya saurari ƙararsa. Sai ya ɗago ya harare ni.

"Wa ya wahalar da wannan? Tagulla mai kyau, an hana ta wuta. Ƙarfen da ake buɗawa ana matsewa taurara yake yi, in ya taurara kuma sai tsagewa. Ba ku gasa bakinsa?"

Na ce ban sani ba.

"Ina za ka sani! Ɗan maƙeri a suna kawai."

Rabon da Baba ya yi mini faɗa an fi wata shida. Wallahi daɗi ya kama ni har na kasa ɓoyewa, Umma ta ce ko na zautu ne.

Ranar Asabar na nemi izini na tafi da shi kulob. Koci mutum ne mai ladabi, ya kawo masa kujera da shayi. Baba ko kallon shayin bai yi ba, tiren kwanso ya jawo. Ashe koci ya san zancen gasa bakin kwanson, ya taɓa gwadawa ya ƙona tire guda, tun daga nan ya haƙura. Baba ya karɓi awartaki, ya kara bakin kwanso ɗaya a wuta ya nuna masa.

"Baki kawai, ya ustaz. Gindin nan kada wuta ta taɓa shi, da taurinsa yake aiki. Ka ga launin ya juya? Halas, ya isa, ɗauke."

Daga nan ya shiga warewa. Wasu ya ajiye dama, wasu hagu. Na hagun duk suna da wani siririn zobe mai haske kusa da gindi. Ya lanƙwasa bakin waya ya zura ciki, ya ce wa koci ya ji yadda take maƙalewa.

"Waɗannan sun gama yayinsu. Wuta ba ta gyara abin da ya sirance."

Koci ya dafe ƙirji. "Ya ammi, baffana, da su na ci gasa! Bari in ƙara musu ɗuri ɗaya kawai."

"Idonka nawa?" in ji Baba. "In uku ne, ɗura."

Ya sa aka kawo ƙaramin zarto, ya raba ɗaya daga cikin na hagun gida biyu. A daidai zoben, tagullar ta zama kamar ɓawon albasa. Koci ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya sumbaci Baba a ka. Baba ya gyara hula yana ƙoƙarin ɗaure fuska, amma murmushin ya fi ƙarfinsa.

A mota muna dawowa bakinsa bai huta ba. Fitilar ɗakin ba haske, awartakin na 'yan koyo ne, ni kuma ban iya wanki ba.

"Talata da Alhamis zan riƙa zuwa," ya ce. "Ka gaya wa kocin nan kada ya kunna wuta sai na iso."

"Baba, ba su ce sun ɗauke ka aiki ba fa."

"Su wa? Ni na ɗauke su. Yalla, maza tuƙa."

Na yi dariya har hawaye ya rufe mini ido, dole na gangara gefen titi na tsaya. Baba yana ta faɗa wai ina ɓata masa lokaci.