Mahrokh Khanom, shayinki ba yafiya ba ne

Da hantsin ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairu, Allah ya karɓi abinsa. Mahrokh Khanom Kazeruni, wato uwargida Mahrokh, ta rasu a wani asibiti a nan Istanbul tana da shekara sittin da takwas. Daga gare Shi muka zo, gare Shi kuma ta koma. Ta bar 'ya ɗaya, Negin, da jikoki biyu. Ɗanta Ashkan ya riga ta da shekara biyu da 'yan watanni. Kabarinsa yana Shiraz, can ƙasarmu, nata kuma ga shi a ƙasar da ba ta gama koyon harshenta ba.

Mahrokh Khanom, ni ce Faranak, malamar makarantar Asabar inda 'ya'yan mutanenmu suke koyon Farisanci. Ranar da kika fara kawo jikokinki kin tarar muna raba wa iyaye shayi a kofin takarda. Kika kurɓa, kika yamutsa fuska, kika haɗa sunana da "jan" ɗin nan namu na ƙauna, kika ce, "Faranak jan, da wannan ruwan wanke-wanken kike so yara su yi kewar ƙasarsu?" Sati na zagayowa sai ga ki da tukunyar shayinki da ƙananan kofunan gilashi nannaɗe a tawul. Tun daga nan iyaye suka daina ajiye yara su gudu. Da Nowruz, bikin sabuwar shekararmu, ya matso, ke kika jiƙa alkama a faranti talatin da ɗaya, kowane yaro da sunansa, don su ga tsiron sabuwar shekara ya fito a hannunsu. Duk iyalin da takardar zamansu ta sami matsala, kina gaba a layin ofis, alhali Turkancinki bai wuce gaisuwa ba. Na taɓa tambayarki amfanin zuwan, kika ce, "Ba sai na ji yarensu ba. Tsohuwa ce ni, za su ji nauyina." Sau da yawa kuwa sun ji.

Na so in tsaya a nan, in yi yabo in yi addu'a. Amma kin ba ni saƙo, kuma zuciyata tafasa take yi.

Ashkan ma'aikacin jinya ne. A watannin zanga-zanga can gida, waɗanda aka ji wa rauni suna tsoron asibiti saboda a can ake kamo su, shi ne yake bin su gida yana ɗinke su. Wata safiya aka zo aka tafi da shi. Bayan kwana tara aka kira ki ki karɓi gawa. Kin ga abin da aka yi wa yatsunsa da bayansa. Aka sa ki sa hannu cewa ba za ki tara mutane ba. Daga baya kika baro komai kika zo wurin Negin.

A makon da aka ba ki gawar ne Dakta Kiyumars Abhari, mai sharhin nan da ke zaune a Turai, ya fito a wata tashar Farisanci ta ƙetare da muryarsa mai sanyi. Ya ce yana da majiya, saurayin dama yana da ciwon zuciya, kuma abin takaici ne yadda wasu suke amfani da uwa mai baƙin ciki. Bai faɗi majiyar ba, ba a kuma tambaye shi ba. Dole in faɗi laifina a nan. Kafin wannan rana na sha kunna wa manyan ɗalibaina shirinsa don su koyi yadda ake muhawara ba ihu. Natsuwarsa ta rufe mini ido, ban lura ba cewa duk sanda aka kashe wani, shakkarsa kan mamacin take sauka, ba ta taɓa sauka kan wanda ya riƙe mabuɗin ɗakin da aka tsare shi ba.

Kin yi ta rubuta masa wasiƙu. Ba ki nemi a kore shi daga tashar ba, ba ki sa kowa ya zage shi ba. Abu ɗaya kika nema, ya koma inda ya yi maganar ya ce ba shi da hujja.

A kakar da ta wuce ya zo wani taro Istanbul. Ya kira ni ya ce yana so ya nemi gafararki, ni kuwa da rawar jiki na ba shi kwatancen gida, har na zo na zauna tare da ke da Negin. Ya shigo da furanni da kwalin alawar Isfahan. Kin miƙe duk da ciwon gwiwa, kin zaunar da shi a kujerar manyan baƙi, kin fere masa lemo, kin matsa masa sau uku ya ƙara shayi. Da ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwa, in na ɓata miki, ki yafe," sai kika ce, "Dakta, sha shayinka kada ya huce. A gaban duniya ka faɗa, a gabanta za ka janye. Nan falo mu huɗu ne kacal." Ya dafa ƙirji ya ce umarninki a bisa idonsa, wato ya ɗauka. Ya roƙi a yi hoto, ba ki hana ba, don ba a hana baƙo. Kika raka shi har bakin ƙofa.

Bayan kwana uku hoton ya bazu, ga ki ga shi ga shayi tsakani. A ƙasa ya rubuta cewa mahaifiyar marigayin ta karɓe shi hannu bibbiyu, sun fahimci juna.

Da Bature ne ya yi haka da na ce bai san ta'arof ba, karar nan tamu da ke sa mu tarbi wanda ya cuce mu kamar ɗan'uwa. Amma Dakta a cikinta aka haife shi, ya kuma ji abin da kika ce da kunnensa. Ya ɗauki tarbiyyarki ya wanke kansa da ita.

Ba shi kaɗai nake tuhuma ba. Mutanenmu da ke kiran kansu masu adawa, waɗanda jiya suke yawo da hoton Ashkan, su ne suka taso miki. Wai kin sayar da jinin ɗanki. Suka cika wayarki da zagi, iyali biyu suka cire 'ya'yansu daga makaranta. Ni da Negin mun rubuta abin da ya faru, amma hoton ya riga mu isa ko'ina. Babu wanda ya ɗaga waya ya tambaye ki. Kika daina zuwa ranar Asabar, yara suna ta tambaya.

A asibiti kika riƙe hannuna kika ce, "Ke ce mai alƙalami. In na tafi ki rubuta ban yafe ba. Ba don ƙiyayya ba. Sunan Ashkan aka ɓata, ba nawa ba, ba ni da ikon bayar da shi kyauta." Ga shi na rubuta.

Kamar yadda muka saba, dangi da abokai suna jera sunayensu a ƙasan sanarwar ta'aziyya, kuma ni aka ɗora wa tattarawa. Kwana ɗaya da rasuwarki Dakta ya kira, yana so a sa nasa. Wallahi bakina har ya fara cewa ai girmamawa ce gare mu. Negin ta karɓi wayar ta ce, "Dakta, shirinka gobe Juma'a ne, ko? Takardar sai Asabar za ta tafi wurin bugu. Ka san abin da mamata ta nema." Ranar Juma'a muka kunna. Minti arba'in ya yi yana sharhi kan farashin mai.

Sharaɗin nan Negin ta kafa wa waɗanda suka zage ki su ma, da suka kira a sa sunayensu. Mutum uku suka yi fushi suka kashe waya. Mace ɗaya, Shohreh, ta koma shafin da ta yi zagin, ta rubuta da cikakken sunanta cewa ta yi wa tsohuwa ƙazafi ba tare da bincike ba. An yi mata ca, ba ta goge ba. Sunanta yana cikin sanarwar. Na Dakta babu.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Mahrokh, ka yalwata kabarinta a wannan ƙasa ta baƙunci, ka haɗa ta da ɗanta a inda ba mai shiga tsakaninsu. Negin jan, ke da maigidanki da yara, da dangi na Shiraz da ba su sami zuwa ba, Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Wanda kuma haƙƙinta ke wuyansa, Allah ya ba shi ƙarfin halin sauke shi tun yana da bakin magana.

Faranak Mehrabi, Istanbul