Yafiyar da aka je karɓowa bayan Sunkani

Ana idar da sallar asuba muka bar Gombe ranar Larabar makon jiya, mu uku a mota: ni da abokin aikina da direba. Abokin nawa Kirista ne ɗan ɗariƙar Katolika, kuma gwaggonsa ce shugabar wani gidan sistoci a Jalingo, wato matan da suka bar aure da dukiya suka ba da rayuwarsu ga ibada da hidimar talakawa. Ya daɗe yana cewa in zo in ga aikinsu da idona. Da hutu ya samu sai na ce mu tafi.

Hanyar ba ta da laifi har muka wuce Kaltungo. Duwatsun yankin suna tsaye cikin hasken safiya, gonakin dawa sun sunkuyar da kai, kaka ta yi. Daga Cham ramuka suka fara, direba ya koma tuƙi da addu'a. Mun tsaya a Numan bayan mun haye gadar Binuwai, muka ci soyayyen kifi a wajen wata mata. Ta ce guda naira dubu uku, na ce ai kogin ga shi nan a bayanta, ta ce to in shiga in kamo nawa. Na biya. Daga Numan zuwa Jalingo kuwa, akwai wuraren da kwalta ta zama tarihi. Abin da ya rage mana gajiya shi ne doya. Tun kafin mu shiga gari take jere a bakin titi, tari-tari, wata ta kai tsawon hannun babban mutum. 'Yan ƙabilar Mumuye ne gwanayen nomanta, kuma in suna maganarta za ka ji kamar suna maganar 'ya'yansu.

Mun shiga Jalingo bayan azahar. Na leƙa babbar kasuwa don in sayi silifa, na daɗe ina sauraro. Hausa ce ke haɗa kowa, amma kowa da irin tasa: Bafulatani, Bajukune, ɗan Mumuye, Ibo mai shago. Ana ce wa mace kai, a ce wa namiji ke, ciniki kuma yana ƙullewa ba tare da kowa ya damu ba. Ni da na shekara da shekaru ina gyara wa mutane jimla kafin su shiga ɗakin watsa shiri, sai na yi shiru na karɓi canjina.

Gidan sistocin yana can cikin Nukkai. Gini ne mai sauƙi, da ƙaramin coci, da ɗakin shan magani, da mangwaro biyu a tsakar gida. Su tara ne. Shugabarsu, Sista Agnes, tsohuwa ce siririya da ta haura saba'in, tana ɗan jan ƙafar hagu. Ta tarbe mu da ruwan sanyi, ta sa aka kai ni ɗakin baƙi, kuma kafin in tambaya ta nuna mini gabas ta ce an wanke tabarma. Na lura ɗakin baƙin ya fi nasu kyau. Nasu gado ne da kujera da ƙusa biyu a bango.

Da yamma ta bayyana mini ƙa'idarsu cikin 'yan kalmomi. Ba sa cin abinci sai wanda ya zo ƙofa ya ci. Duk mako, mutum biyu daga cikinsu suna zuwa gidan yari su nemi waɗanda aka manta da shari'arsu, su bi takardunsu. Sannan duk wanda ya yi wa gidan laifi, ba sa kai ƙararsa, yafewa suke yi. Suna da gona a hanyar Sunkani, rabi suna noma masara don ciyarwa, rabi sun yanka wa zawarawa su noma abin kansu, ba haya, ba takarda.

Washegari da ƙarfe bakwai aka buɗe ƙofa. Tsofaffi ne suka fi yawa, da makafi, da mata masu goyo, Musulmi da Kirista a benci ɗaya. Ana ba kowa kunu da ƙosai, mai ciwo a wuce da shi ɗakin magani. Sistocin sun san kowa da sunansa. Ina tsaye ina kallo sai wata mata ta shigo, gajera, kakkaura, za ta yi shekara sittin. Ba ta zauna a benci ba. Wata sista ta miƙa mata kofi, ta kawar da shi da bayan hannu.

"Ban zo shan kunu ba. Kira mini Sista Agnes."

Abokina ya raɗa mini cewa Mama Saratu ce, ɗaya daga cikin zawarawan gonar, mai riƙon jikoki huɗu. A ƙarshen damina shanun wani makiyayi, Malam Buba, sun shiga gonar. Masarar sistoci kaɗan suka taɓa, amma sun cinye ganyen doyar Mama Saratu suka tattake kunyoyin tun doyar ba ta ƙosa ba, abin da ya saura ya ruɓe a ƙasa. Abincinta na shekara ke nan, da irin da za ta shuka baɗi. An kai maganar gaban hakimi, ita kuma ta zauna tana jiran a kira ta. Da ta gaji da jira ta je ta tambaya a ranar Laraba, aka ce ai an rufe magana tuntuni, masu gona sun rubuto cewa sun yafe.

Sista Agnes ta fito tana goge hannu.

"Sista, kai ne ka rubuta takarda?"

"Ni ce, Mama."

"Ka yafe masara, ka yi kyau. Wa ya ce ka yafe doya?"

"Na yi niyyar mu riƙa ba ki hatsi daga sito har shekara ta zago."

"Ni manomi ne. Tun mijina ya mutu ban zauna a bencin nan ba. Shanu ya ci doyana, kai kuma ka ci maganana."

Na zaci tsohuwar za ta yi bayani, domin tana da abin faɗa: a takarda gonar duka tasu ce, kuma ƙa'idarsu ta bi. Ba ta yi ba. Ta dafa kafaɗar wata sista, ta lanƙwasa ƙafar nan mai ciwo a hankali, ta durƙusa a kan tsakuwa a gaban mutanen da take ciyarwa. Ta ce, "Na yafe abin da ba nawa ba. Na kuma ɗauka sadakata za ta maye gurbin haƙƙinki. Na yi miki laifi biyu. Ki gafarce ni."

Mama Saratu ta ce, "Tashi. Durƙuso ba zai ba jikokina abinci ba."

Sista Agnes ta miƙe ta ce, "Gaskiya ne. Shiga mota."

Da motarmu aka tafi rugar Malam Buba, domin tasu tana wajen bakanike. A hanya na tambayi Sista Agnes me zai hana ta koma gun hakimi. Ta ce ita ta sa hannu, ba za ta bar Malam Buba ya ji daga bakin ɗan aike cewa ta canza magana ba, da bakinta za ta faɗa masa. Ta ƙara da cewa yana da ikon ƙi, kuma babu wanda zai ga laifinsa.

Bayan Sunkani muka sauka daga kwalta muka bi burtali, ciyawa tana dukan gilashi. Da motar ta kasa sai muka taka. Tafiyar minti ashirin ce, amma ta ɗauke mu kusan arba'in saboda ƙafar tsohuwar, ta kuma ƙi a riƙe ta. Rugar bukkoki shida ce a gindin wani tsauni, shanu farare suna kwance a inuwa. Malam Buba dogo ne, mai furfura a gemu. Da ya hango farin mayafin sista sai ya taso da fara'a, ya sa aka shimfiɗa tabarmi aka kawo nono a ƙwarya. An yi gaisuwa mai tsawo da Fulatanci, kowa yana amsa jam, wato lafiya. Ya ce tun ranar takardar yake neman hanyar da zai gode.

Sista Agnes ta ce, "Baffa, kada ka gode tukuna. Na zo karɓar rabin abin da na ba ka."

Ta faɗi komai, ba ta rage laifinta ba. Fuskarsa ta sauya. Wani ɗansa magidanci da ke tsaye a gefe ya ce da zafi, "An rubuta, an sa hannu, hakimi ya karanta. Yau kuma a ce me?"

Uban ya ɗaga masa sanda kaɗan. Sannan ya daɗe yana kallon garken. Ya nuna wata saniya mai guntun ƙaho.

"Kin ga waccan? Ba tawa ba ce. Wani malamin makaranta a Jalingo ya ba ni kiwo. In na yi farin ciki yau na ba ki ita kyauta, gobe mai ita ya zo, me za ki yi?"

"Sai in mayar."

"To. Ni ma sai in mayar." Ya juya wajen Mama Saratu. "Inna, ashe gonar taki ce. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Me kike so?"

Ita ba ta yi sauri ba. Ta lissafa da yatsu: irin doya da zai cika kunyoyinta, wanda ita za ta zaɓa da hannunta a kasuwa, da hatsin da zai kai jikokinta sabuwar doya. Ya ce zai fitar da ɗan bijimi a sayar ranar kasuwa. Ta ce saura ɗaya, da rani shanunsa su kwana a gonarta wata guda su bar mata taki.

"Su da suka yi ɓarna?"

"Ya ci a wurin, sai ya yi kashi a wurin."

Har ɗan nasa ya yi dariya. Malam Buba ya ce in tana so yaransa za su zo su tayar mata da kunya. Ta dube su daga sama har ƙasa ta ce, "Fulani da galma? Ka bar mini gona lafiya."

Sista Agnes ta ce gobe za su je gaban hakimi su uku a sake rubutawa, wannan karon da sunan mai doya. Sannan ta tambayi Mama Saratu ko za ta ce wa Malam Buba wani abu. Ta ce, "Ranar da iri ya shiga ɗakina zan ce na yafe. Ba yau ba." Malam Buba ya ce ya yarda. Sistar ba ta matsa mata ba, ko da kalma ɗaya.

A hanyar komawa mota ƙafar tsohuwar ta gaza. Ta tsaya tana haki a tsakiyar burtali. Abokina ya matso, amma Mama Saratu ta riga shi. Ta saƙala hannun sistar a wuyanta, suka ci gaba a hankali, ɗaya doguwa ɗaya gajera. Ina bayansu na ji tana cewa, "Naka na yafe. Amma kar ka sake rubuta takarda sai ka tambaye ni." Sista Agnes ta ce, "To, Mama."

Mun kwana, muka kamo hanya da hantsi ranar Juma'a, don haka ban ga zaman gaban hakimi ba. Sistocin sun cika mana bayan mota da gyaɗa da lemun tsami. Mun yi sallar Juma'a a Numan, abokina yana jiranmu a inuwar mota, muka shigo Gombe daf da magariba da ƙugu mai ciwo. Ranar Talata gwaggonsa ta kira shi. An sake takarda, an sayar da bijimin, Mama Saratu ta yini a kasuwa tana juya doya tana ƙin wasu, Malam Buba yana biye da ita da haƙuri. Da aka sauke irin a ƙofar ɗakinta ta faɗi kalmar da ta yi alkawari.

Na sha shirya muhawara a kan zaman lafiya, na sha jin manya suna cewa a yafe wa juna a wuce wurin. Ban taɓa tambayar wanda yake faɗa ko shi aka yi wa ɓarnar ba. A Nukkai na ga matan da yafiya ce aikinsu na kullum, har suka yi saurin yin ta a inda ba huruminsu ba, kuma da aka nuna musu, shugabarsu ta taka da ƙafa mai ciwo har ruga ta gyara. Abin da na dawo da shi ke nan: mutum yana iya yafe nasa nan take, amma na talaka sai a koma wurin talakan a tambaye shi, a kuma jira amsarsa ko da za ta ɗauki kwana biyar.